Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

A Maraɗi, wanda ya iya saurare ba ya bukatar tambayar baƙo asalinsa. Da mutum ya buɗe baki a kasuwa ko a tashar mota, an san ko daga Tibiri ya taso, ko daga Damagaram, ko kuwa ɗan Kano ne ya ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. Daga nan sai gardama ta tashi a rumfunan alhazai da ofisoshin ma'aikata: Hausar wa ta fi daɗin ji?

Gardamar tana da tushe a tarihi. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau ake ce wa mai garin Sarkin Katsina. Gobirawa kuwa sun kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ga garuruwa biyu maƙwabtan juna, ruwan gulbi ɗaya suke sha, amma kowa da karin harshensa: nan Katsinanci, can Gobiranci.

Bambancin da ke tsakaninsu da Kano ba ɓoyayye ba ne. Inda Bakano zai ce lafiya, fura, tafi, mutumin nan yankin zai ce lahiya, hura, tahi. Inda Kano ke cewa zauna, aure, sauka, auduga, manomin Jiratawa zai ce zamna, amre, sabka, abduga. Masana harshe sun tabbatar cewa waɗannan na biyun su ne tsofaffin siffofi. A bakin Kano ne suka sassauta. Ashe abin da wasu ke kira ƙauyanci, shi ne ya riƙe maganar kakanni. Bagobiri ya ƙara da nasa: "wanga yaro na", "mi kac ce?". Sannan ga kalmomin da Faransanci ya bari, irin su lakwal, mushe da duwan, inda Nijeriya ke cewa makaranta, malami da kwastan.

To, me ya sa matasa da yawa ke ganin Kananci ya fi zaƙi? Kunne yana bin abin da ya saba ji daga bakin masu arziki da masu ilimi. A kan Kananci aka gina Hausar rubutu, wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga Zariya tun 1939. Da ita sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga 1990 finafinan Kano suka shigo da ita har cikin ɗakunan mata. Ɗan kasuwar da ya je Kantin Kwari sayen atamfa yakan karkata harshensa, don kada a gane baƙo ne a tsawwala masa farashi. Wannan dabarar ciniki ce, babu laifi a cikinta. Laifin yana farawa ranar da ya komo gida ya tsawata wa ɗansa don ya ce hura.

Abin mamaki, kunnen da ke raina wannan kari a kasuwa shi ne ke nemansa wajen waƙa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da bakin ƙasarsa ya yi waƙoƙinsa, kuma malaman jami'o'in Kano da Zariya suna nazarinsu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ɗan ƙasar Katsina ne, ba wanda ya ce ya wanke harshensa kafin a saurare shi. Ke nan daɗin magana yana ga gwanintar mai ita.

Lamarin ya wuce hirar rumfa. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Duk ranar da ta yawaita a takardun gwamnati da littattafan lakwal, dole a daidaita rubutu, don takardar da aka rubuta a Maraɗi ta karantu a Tawa da Kano. Amma rubutu daban, baki daban. Mushe na iya koya wa yaro ya rubuta lafiya ba tare da ya sa ƴan aji sun yi masa dariya don ya ce lahiya ba. Gidajen rediyon garin su bar masu gabatarwa su yi magana irin ta masu saurarensu. Masu tsara ƙamus su je Tibiri da Jiratawa su ɗauko kalmomin noma, saƙa da sarauta daga bakin tsofaffi tun suna da rai, domin kalmar da aka ji kunyar faɗa ba ta kai wa jikoki.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah shi bar kowa da bakin gidansu, shi ƙara fahimta tsakanin al'umma.