A sa gwajin suga cikin awon ciki

Ciwon suga na masu juna biyu ba kasafai yake nuna alama ba. Jariri ya yi ta ƙiba a ciki, ranar naƙuda haihuwa ta gagara, ga fita daga Kurya Madaro zuwa asibitin Ƙaura da dare sai da fargabar 'yan bindiga.

Tsakanin mako na 24 da na 28 ake gwajin. Mace ta zo ba ta karya ba, a ɗebi jininta, ta sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da awa biyu. Duba fitsari kaɗai bai wadatar ba. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta kai kayan gwajin nan ƙananan asibitocin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, kuma a yi shi kyauta.