Injin layi uku a shagon layi ɗaya: ba mu hana ba, amma a yi shi daidai

Maganar nan ta taso a zamanmu na ƙarshe, muka ga ya kamata mu faɗi matsayinmu a fili.

Da yawa daga cikin masu niƙa da kafintocinmu a nan Agege suna sayen tsofaffin injuna na wuta mai layi uku, don sun fi araha da ƙarko. Sai a kai shago a tarar layi ɗaya ne, bolt 230. Jawo layi uku kuwa sai da mita da kuɗi, sai kuma yardar mai gida, mu da yawancinmu haya muke. Shi ya sa ake kiran mai gyara ya haɗa na'urar da za ta samar da layi na uku.

Ba mu ga laifin dabarar ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne haɗin kafasita zalla a kan injin niƙa. Zai tashi kam, amma kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai zai bayar. Ka ɗura masa masara, ya yi zafi, naɗin wayarsa ya ƙone. Kuɗin sake naɗi ya cinye arahar.

Haɗin da ya fi shi ne wanda ake ajiye wani moton na layi uku yana juyawa ba kaya a kansa, shi ke haifar da layi na uku. Sharaɗi, ya fi moton aikin girma. Ninki biyu ya fi kwanciyar hankali. A kuma duba farantin da ke jikin moton. In an rubuta 230/400, a ɗaura shi a delta. In 400/690 ne, wutar shago ba za ta ɗauke shi haka kawai ba, kada wani ya ruɗe ka.

Sai batun rai. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe, yaran shago kuma hannunsu ba ya zama. A rufe komai cikin akwatin ƙarfe, a sa bireka da wayar ƙasa. Shagunanmu a manne suke, galibi na katako. Gobarar mutum ɗaya ta kowa ce.

Don haka muna ganin ƙungiya ta ɗauki ƙwararren mai aikin lantarki ya zagaya ya duba irin waɗannan haɗe-haɗe, a biya shi daga asusu. Mai irin wannan injin ya ba da sunansa a ofis kafin zama na gaba.