Mu Zaga Mu Gani: Daga Ƙofar Nassarawa Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

 A makon jiya mun hau Dutsen Dala, inda masana suka gano alamun narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Bayan fitowar shafin, wata ɗaliba daga cikin Birni ta aiko da koke. Ta ce zango biyu ke nan ana yi musu alkawarin kai su Birnin Kudu ganin zanen kan dutse, amma kullum sai a ce babu motar makaranta, ga shi bana za su gama. Tambayarta ita ce, ko ana iya zuwa a motar haya?

Ana iya zuwa, ƙanwata, kuma a dawo a ranar. Birnin Kudu na jihar Jigawa ne tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, amma nisansa da Kano bai wuce kimanin kilomita 130 ba.

Ga yadda za ku yi. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi izinin iyaye, sannan ku roƙi malami ɗaya ko wani babban yaya ya raka ku. Kada wanda ya kama hanya shi kaɗai. Ku zaɓi Asabar, domin ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, hanya kan cushe da motocin shanu. Ku fito da sassafe, ku tari a-daidaita-sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Mariri a kan titin Maiduguri, inda motocin wannan hanya ke lodi. Kuɗin mota yana tafiya da farashin mai, don haka wani ya je ya tambayo tun ana gobe, kuma kuɗin dawowa ya zauna a hannun malami.

Abu ɗaya za ku kiyaye a tasha. Bayan an haye gadar Wudil hanya ta rabu: ɗaya ta bi ta Gaya zuwa Dutse, ɗaya ta bi ta Kachako da Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu. Ku tambayi direban da kansa inda zai bi, kada ku tsaya ga maganar ɗan kamasho mai neman mota ta cika. Matambayi ba ya ɓata. In kun sauka, ku fara zuwa ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke garin, domin wuraren suna ƙarƙashin kulawarta ne, kuma jami'anta ne za su nuna muku Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

Yanzu ga aikin da na ba ku tun daga cikin mota. Duk garken da kuka wuce, ku dubi bayan shanun. Bunaji ne ko Rahaji, za ku ga kowace da tozonta. To idan kun shiga ƙarƙashin dutsen kuka ɗaga kai, za ku ga shanun da aka zana, yawanci da jan launi, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru, amma ba su da tozo. Me ya sa? Domin shanu masu tozo asalinsu daga yankin Indiya ne, daga baya suka bazu a Afirka. Kafin su, marasa tozo ake kiwo. Irinsu bai ƙare ba: akwai Muturu a kudancin ƙasar nan, akwai Kuri masu manyan ƙaho a bakin Tafkin Chadi. Ke nan wanda ya yi zanen nan ya bar mana shaidar wani zamani da garken ƙasar Hausa bai yi kama da na yau ba. Wannan darasi ne da allon aji ba zai ba ku kamar yadda idonku zai ba ku ba.

Akwai kuma duwatsu masu amo. In an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kuma za ku ga guraben da yawan bugu ya lotsa. A nan Birnin Kudu ne aka fara rubuta labarin irin waɗannan duwatsu a 1955, kuma Bernard Fagg, Baturen da ya yi fice a binciken kayan tarihin Nok, shi ya sanar da duniyar masana. Bayan nan aka yi ta gano irinsu a wasu ƙasashen Afirka.

Sai gargaɗi. Kada ku taɓa zanen, kada ku watsa masa ruwa wai don hoto ya fito, kada ku rubuta sunanku ko na makarantarku da alli ko gawayi. Abin da ya jure rana da damina shekaru aru-aru, hannun ɗalibi ɗaya na iya goge shi cikin minti guda, kuma ba mai mayar da shi. Ku tafi da ruwan sha, takalmi mai kama dutse, littafi da fensir. Kowa ya zana saniya ɗaya da ya gani.

Da an yi sallar La'asar ku nufi tasha, don kada dare ya yi muku a hanya. Wanda ya je ya aiko mana da zanensa da abin da ya gani, za mu buga mafi kyau a wannan shafi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.