Ina Ta Biyun?

Kusan duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe wayoyinmu. Wani matashi ya ƙera mota a bayan gidansu. Ƙasa-ƙasa take kamar ƙadangare, ƙofofinta na ɗagawa sama, an fesa mata jan fenti ko rawaya, yaran unguwa na bin ta da gudu. Nan take Facebook da TikTok su ɗauka: ga Lamborghini ɗinmu na gida, a yi ta turawa har ya kai ga gwamna! Idan an yi sa'a maganar ta kai kunnen wani babba, sai a kira yaron, a ɗauki hoto da shi, a miƙa masa ambulan, a yi alƙawarin tura shi ƙasar waje. Bayan mako biyu wani bidiyon ya danne wannan. Motar ta koma gindin darbejiya, kaji su mayar da ita akurki.

Mu da ke zaune tsakanin Funtuwa da Malumfashi, waɗanda cinmu da suturarmu ke fitowa daga masara da dawa da auduga da waken suya, muna da tambaya guda ga masu tafi da masu ambulan: ina ta biyun? Muna nufin mota ta biyu wadda ta yi daidai da ta farko, har idan ka cire ƙofar wannan za ta zauna a jikin waccan ba tare da an ɗauko guduma ba. Wannan tambaya ce ke raba ƙira da kwalliya, kuma ita ce ba mai son yi, don ba ta tara jama'a.

Su ma Turawa suna da masu irin wannan sha'awa, har sun mayar da ita kasuwa. A 1957, a Ingila, wani injiniya mai suna Colin Chapman ya fito da ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, Lotus Seven, ya riƙa sayar da ita a warwatse: ƙwarangwal daban, bodi daban, inji daban, ka kai gida ka haɗa da kanka. Haraji ne ya jawo haka. A lokacin, motar da aka saya a haɗe ana ɗora mata harajin saye mai nauyi, wadda aka saya gunduwa-gunduwa kuwa ta tsira. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana aika wa mutane ita cikin akwatuna. A Amurka, wadda suka fi kwaikwaya ita ce Cobra, motar da Carroll Shelby ya haɗa a 1962 da jikin motar AC ta Ingila da injin Ford. Ta asalin kimanin dubu ɗaya aka ƙera. Na kwaikwayon da mutane suka haɗa a garejinsu sun ninka haka sau da yawa.

Wanda ya ga hoton wani ɗan fansho a Ingila tsaye gaban motar da ya haɗa a gida zai iya cewa ai yaronmu ya fi shi, tunda shi Baturen an kawo masa komai a yanke, namu kuwa daga bola ya tsinto. Ta fuskar ƙwazo wannan gaskiya ne, ba ma jayayya. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abu mafi tsada a cikin akwatin nan shi ne awo. Wani ya zauna ya zana, ya lissafa nauyin da kowane bututu zai ɗauka, ya ƙera madaurin da ake ɗora ƙarafan a kai kafin a yi walda domin na ɗari ya fito daidai da na farko, ya huda kowane rami a inda zane ya ce. Shi ya sa malamin makaranta wanda bai taɓa riƙe abin walda ba zai iya haɗa ta a ranakun hutu. Kuma ko ya gama, ba za ta taka kwalta ba sai ya kai ta wurin gwajin hukuma, a duba birki da fitilu da sitiyari da bel ɗin kujera, har da kaifin gefen ƙarfe da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa. In ta faɗi gwajin, babu lamba.

Tamu fa? Ɗaga jan fentin ka leƙa. Galibi injin babur ne ko na tsohuwar ƙaramar mota, walda da ido, birki na Allah-ya-kiyaye. An kwaikwayi fuskar motar, an bar lissafin da ya sa take iya gudu ba ta wargaje ba. Kama da wane ba ta wane.

Kada kuma wani ya ce to a shigo mana da akwatunan mu ma mu haɗa. Mun ga wannan hanya da idonmu, a matakin ƙasa ma. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma shekaru da dama 504 ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta ɗaukar amarya. A Bauchi akwai Steyr, a Kano akwai masana'antar manyan motocin Fiat, dukansu har da taraktoci. Yawancin muhimman sassan cikin akwatuna suke zuwa daga Turai. Da darajar naira ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, akwatunan suka yi tsada, sai layukan haɗawa suka fara yin tsit ɗaya bayan ɗaya, 'yan Kwatano suka cike gurbin. Dubban mutane sun ƙware a ɗaure noti, amma zane da awo suna hannun mai akwati. Darasin da ya kamata a ɗauka daga Caterham ke nan: mai cika akwati shi ne mai sana'a, mai buɗewa abokin ciniki ne kawai.

To idan za mu zama masu cika akwati, da me za mu cika shi?

A tambayi shi Lamborghini ɗin da ake ta kiran sunansa. Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne a arewacin Italiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ga ƙasarsa cike da ragowar motocin soja, ga manoma ba abin huɗa, sai ya riƙa kwance tarkacen yana haɗa taraktoci. A 1948 ya kafa kamfanin tarakta. Sai da ya yi shekara 15 yana sayar wa manoma, ya tara kuɗi da injiniyoyi da injinan sassaƙa ƙarfe, sannan a 1963 ya waiwayi motar tsere. Haka David Brown, wanda ya sayi Aston Martin a 1947, da giya da tarakta ya yi arziki. Yaranmu sun kama labarin ta wutsiya, masu tafi kuma suna ce musu haka ake yi.

Abin haushin shi ne muna da masu kama shi ta kai, a nan gabanmu, ba mai ɗaukar su hoto. A zagaya rumfunan masu walda a Funtuwa ko Malumfashi gab da kaka. Za a tarar da injin casar masara da na dawa, injin ɓarza, garmar shanu, amalanke, bodin da ake ɗora wa babur mai ƙafa uku don jigilar buhuna. Waɗannan su ke shiga gonakin Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ɗandume. Manomin da ke da buhu ɗari a tsaye, ga tsadar 'yan ƙwadago, ga fargabar barin amfani ya kwana a daji a irin halin tsaron da ake ciki, ya san darajar injin da zai gama masa casa a yini guda. Wannan kasuwa ce ta gaske, mai biyan kuɗi hannu, kowace shekara.

Amma su ma masu waldar ciwonsu ɗaya da na yaron motar: babu ta biyu. Kowane inji da halinsa. Idan shaft ya karye a tsakiyar aiki a wani ƙauye bayan Faskari, ba za ka aika yaro kasuwa ya sayo irinsa ba, sai dai ka kwance ka ɗora a babur ka nemi ainihin wanda ya ƙera, shi kuma ya gwada da ido ya sake wani. Kwana biyu sun tafi. Wani injin yana farfasa ƙwaya, mai saye ya rage maka kuɗi. Wani yana zubar da ita cikin ƙaiƙayi. Bel a buɗe yake, ba murfi, kuma duk wanda ya daɗe a harkar casa ya san wani da ya bar yatsu ko hannu a cikin inji. Ba ƙarancin basira ba ne. Mutumin da ke aiki da janareto, da abin walda guda da gurenda guda, wanda yake yanka fallen ƙarfe da kurfi da guduma, ba yadda za a yi ya fitar da abu iri ɗaya sau goma.

A nan ne akwatin ke da amfani. A ce an zauna an fitar da zane guda na injin casa wanda aka gwada aka tabbatar, aka yanke shawarar girman shaft da boris da fuli da tazarar raga. A ce akwai wuri guda a Funtuwa mai wuta tsayayya da injin sassaƙa ƙarfe da na lanƙwasa falle, yana fitar da waɗannan sassan da awo ɗaya. Mai walda na Malumfashi ko Ƙanƙara ya saya ya haɗa a rumfarsa, ya ci ribarsa, ya buga sunansa a jiki. Manomi kuma in abu ya lalace ya sami madadinsa a shago kamar yadda yake samun filogin babur. Ba wani sabon ilimi ake nema ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ba ta kai tafiyar awa biyu daga Funtuwa ba, ta daɗe tana zana irin waɗannan injina tana gwada su. Tazarar da ke tsakanin ɗakin gwajin Samaru da rumfar mai walda ita ce ta fi ta kwalta tsawo.

An taɓa cike irin wannan tazara a maƙwabta. A Kumasi ta ƙasar Gana akwai Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera mai ɗauke da dubban masu sana'a, irin Panteka ta Kaduna amma ta fi ta girma. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a tsakiyar unguwar, ta kai injinan sassaƙa ƙarfe, ta koyar da narka ƙarfe da zuba shi, ta taimaka wa masu sana'a suka mallaki nasu injinan. Malaman ne suka taka zuwa wurin masu baƙin mai a riga, ba su jira a cike fom ba. Mu ma Funtuwa ba baƙuwar gwaji ba ce: a nan, tare da Gusau da Gombe, aka fara manyan ayyukan raya noma na Bankin Duniya a 1975, waɗanda daga baya aka baza su a duk ƙasa. An kawo taki da iri da hanyoyin karkara. Ƙira ce aka bari a baya, kuma har yau idan gwamnati ta tashi tallafa wa noma da injina, kwantena ake jira daga Sin ko Indiya, a jera su a fili, a yanka kirtani.

Za a ce mana muna kashe wa yara gwiwa, mafarki ai ba a yi masa iyaka. Mun ji. Mu ma ba ma tare da masu zagin da ke cika ƙasan bidiyon da cewa gwangwani ne, asarar ƙarfe ce. Yaron da ya iya lanƙwasa falle da hannu har ya fitar da siffar mota, ya haɗa sitiyari da ƙafa ta juya, ya mallaki abin da digiri ba ya bayarwa. Amma tafi ma yana kashe gwiwa, a hankali ne kawai. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic da kujerun Toyota. Jaridun ƙasashen waje sun buga, an yi ta mamaki. Shekaru sun shuɗe, har yanzu irin labarin ake maimaitawa da sabon suna, kamar kowane yaro shi ne na farko, domin babu wata makaranta ko masana'anta da aka gina a kan na baya.

Waɗanda suka kai wani wuri ta wata hanya suka bi. Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt, tallafin karatu ne ya kai shi makarantar zanen motoci a Detroit, ya yi shekaru yana koyon awo kafin General Motors ta ɗauke shi. Daga baya, a 2017, ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa. Jerry Mallo na Filato, wanda ya nuna motar tserensa Bennie Purrie a 2019 aka yi ta yayatawa, ainihin sana'ar kamfaninsa a Jos injinan noma ce da na sarrafa amfanin gona. Motar ta jawo kyamara, amma injinan ne manoma ke zuwa saye.

Saboda haka ga masu riƙe da ambulan, daga shugaban ƙaramar hukuma zuwa ɗan majalisa zuwa attajirin da ke son a gan shi: kuɗin da za a kashe a bikin karrama yaro ɗaya, da abinci da kujeru da masu ɗaukar hoto, a tara shi a sayi injin sassaƙa ƙarfe ko na hannu ne, a ajiye inda mai walda zai biya kuɗin awa ya yi aiki. A kai ɗaliban kwalejin fasaha su zauna da masu walda, waɗannan su koyi karanta zane, waɗancan su koyi riƙe ƙarfe. Idan za a raba injin casa ga ƙungiyoyin manoma, a ba masu ƙira na gida odar guda hamsin, da sharaɗin sassansu su shiga juna, kuma kowane bel ya kasance da murfi. Wanda ya cika sharaɗin a ƙara masa wata odar. Wanda bai cika ba a nuna masa inda awonsa ya kauce.

Shi kuma yaron motar, a bar masa motarsa, kada a taɓa ta. A kira shi dai, ba don hoto ba, a ba shi ma'auni da takarda, a ce ya zana ƙofar da ya ƙera da lambobinta, sannan a miƙa takardar ga wani mai walda a Malumfashi wanda bai taɓa ganin motar ba, a ga ko ƙofar da zai fitar za ta rufu.