Kafin ka yi wa Kaka odar sanda a Instagram

Watanni uku da suka wuce kakata ta zame a bakin famfon gidanmu. Allah Ya taƙaita, ba ta karye ba, amma ta kwana biyu tana jinyar ƙugu. Ni kuma, jikanta ɗan boko mai data, a daren na shiga Instagram na yi mata odar sanda. Wadda ta fi kyau a hoto na zaɓa: baƙa, mai naɗewa, har da ɗan tocila a mariƙinta. Sati guda Hajiya ta riƙe ta, sai ta jingine ta a bayan ƙofa, wai kafaɗa take sa mata ciwo. Laifina ne. Sandar ta yi mata tsawo, ni kuwa ban ko kalli ramukan da ke jikinta ba.

Mu matasa mu ne ke yi wa tsofaffinmu sayayya yanzu, kuma yadda muke zaɓen takalmi haka muke zaɓen kayan lafiya. Sanda fa ba ado ba ce. Idan ba ta dace da mai ita ba, ita da kanta za ta kayar da shi.

Abin da na koya daga baya, a wurin wata likitar fisiyo, bai fi minti biyar ba. A sa mutum ya miƙe tsaye da takalmin da ya saba sawa, ya saki hannuwansa. Mariƙin sandar ya tsaya daidai wuyan hannunsa. In ya riƙe, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20. Amfanin sanda mai ƙari da ragi ke nan: ka danna ɗan maɓallin, ka matsar zuwa ramin da ya dace, ka tabbatar ya fito ya kama sosai, sannan ka murɗa zoben ya ɗaure. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, ba ɓangaren mai ciwo ba. Duk gidanmu babu wanda ya san haka. Robar ƙasan kuma a riƙa duba ta. Da zarar ta cinye, tayil da jiƙaƙƙen siminti sun zama tarko.

Masu talla suna son tura mana mai ƙafa huɗu, wai ta fi tsayawa. A falo gaskiya ne. Amma a lungun unguwarmu, inda kwata da rami da yashi suka haɗu, ƙafa biyu na ƙasa biyu na sama, girgiɗi kawai take yi.

To sai maganar ido, wadda ita ce ta fi damuna. Hajiya ba makauniya ba ce, amma yanar ido ta rage mata gani, musamman bayan magariba. Farar sandar da masu larurar gani ke riƙewa wani abu ne daban. Doguwa ce, tana kaiwa ƙirji ko sama da haka, ba ta da nauyi, aikinta lalubo abin da ke gaba: dakali, rami, matakala. Wanda ya ɗora mata nauyinsa zai sha ƙasa. Sandar dogarawa kuma gajeriya ce, ba za ta gaya maka akwai kwalbati a buɗe taku biyu a gabanka ba. Mai matsala biyu, kamar Hajiya, akwai sandar dogarawa mai farin fenti da ja a ƙasa, don ɗan adaidaita ya gane ba ta ganinsa sosai. Wasu ma sanda biyu ake koya musu riƙewa. Wannan hukuncin na likitan ido da na fisiyo ne, ba na mai shafin talla ba. Yanar ido ma ai aiki ake yi a cire ta, asibitoci irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna suna yi.

Da na kawo maganar fara, Hajiya ta harare ni. "Kai, ni za ka mayar mabaraciya?" Ban ga laifinta ba. A idonmu farar sanda da ƙoƙon bara tagwaye ne, kuma mu ne muke ƙara abin da barkwancin TikTok inda ake kwaikwayon makaho don a yi dariya. Duk 15 ga Oktoba ana bikin ranar farar sanda, Najeriya kuma tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma ka ƙirga matakalar da ke ƙofar bankin unguwarku ko ɗakin lakcarku.

Na rage wa sandar Hajiya rami uku, na canza robar. Yanzu da ita take zuwa gidan maƙwabta. Farar kuwa har yau muna kan ciniki, ta ce sai an duba idon tukuna.