LASIN UWAR GARKE: KADA MU YI CINIKIN BIRI A SAMA

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan wani kuɗi ce da ke fita a ɓoye daga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, watau kuɗin lasin babbar manhajar da ke tuƙa uwar garken kwamfutoci. Kada wani ya ce wannan ba ruwansa. A cikin wannan na'ura ake ajiye lissafin albashin lebura, da bashin dillalin fata, da odar ɗan Kantin Kwari. Ran da ta tsaya, mu ne za mu ji a jika.

Farko dai mu sani, wanda ya biya kuɗin Windows Server bai saye ta ba, izinin aiki da ita kawai Microsoft ya ba shi, bisa sharuɗɗa. Tun daga fitowar ta 2016, da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar na'ura ake lissafi. Ko na'urarka ba ta kai ba, tilas ka biya na ƙwaya 16. In kuwa tana da 24, sai ka biya na 24 cif, lasin 16 bai fisshe ka ba.

Na biyu, wannan kuɗin ƙofar gida ne kurum. Masu shiga su yi aiki su ma sai an yanka musu izini, wanda ake kira CAL, ko dai bisa kan mutum ko bisa kan na'ura. To, a nan wayo yake. Masana'antar da ke da ma'aikata 30 masu karɓa-karɓar aiki dare da rana a kan kwamfuta 10, izinin na'ura 10 ya ishe ta. In mai gida bai sani ba, sai a sayar masa da 30.

Na uku, samfurin Standard ya yarda a girka kwamfutocin inuwa biyu kaɗai a cikin na'ura ɗaya, Datacenter kuwa ba iyaka, amma tsadarsa ta ninka sau da yawa. Ƙaramin kamfani da ya sayi Datacenter don aiki biyu ya sayi raƙumi don dakon buhu ɗaya. Kuma lasin da ya zo manne da sabuwar na'ura, tare da ita yake mutuwa.

Mun san da dala ake sa farashin nan, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda ta faɗi. Amma fa kwafin sata ba mafita ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta. Riƙe tsohuwa ma haɗari ne: an daina yi wa ta 2012 gyaran tsaro ran 10 ga Oktoba 2023, ta 2016 kuwa wa'adinta Janairun 2027. Gidan da ba ƙyaure, ɓarawo ba ya sallama.

Akwai wata hanya. Debian da Ubuntu, 'yan gidan Linux, ba a biyan kuɗin ƙwaya ko na kan mutum. Ladan gwani kawai za a biya, kuɗin kuma ya tsaya a aljihun samarinmu na Kano. Sai dai a fara tambaya ko manhajar lissafin kamfani za ta hau kansu.

Saboda haka muna kira ga hukumar NITDA da Hukumar Haƙƙin Mallaka da ƙungiyar masu masana'antu su fassara ƙa'idodin nan da Hausa, su kai su har ƙofar kamfani. Ba adalci ba ne a kama mutum da dokar da ba a karanta masa ba. Ku kuma masu saye, kada ku ba da ko kwabo sai an rubuta muku adadin ƙwaya, da adadin izini, da sunan kamfaninku a jikin takarda.