Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 kan Sharar Santo Domingo

Daga ƙungiyarmu ta masu kwashe shara da yashe magudanan ruwa, zuwa ga hukumomin birni, da 'yan kwangilar da aka damƙa wa motocin shara, da jama'ar unguwanni baki ɗaya.

Mun gaji da zama mu ne masu laifi duk ranar da ruwa ya ci titi. A ranar 4 ga Nuwamban 2022 ruwan 'yan sa'o'i ya shanye Santo Domingo, motoci suka nutse, aka yi asarar rayuka. Da gari ya waye, mu aka tura cikin kwatoci. Abin da muka zaro bai wuce abin da muke zarowa kullum ba: gorunan lemo, ledoji, tsummokara, da fararen mazuban abincin nan marasa nauyi da ake ci a yar, waɗanda ba sa ruɓewa, sai dai su haɗu da taɓo su toshe bakin magudana kamar an liƙe da siminti. Da hannu ake ciro su, sau da yawa ba safa.

Ba yau aka fara ba. A Yulin 2018 sharar da kogin Ozama ya kwaso ta rufe gaɓar Montesinos, har sai da aka fito da sojoji, duniya kuma ta kalli hoton Jamhuriyar Dominika tana iyo cikin roba. A 2020 jujin Duquesa ya kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe birni makonni, ana tsakiyar annobar korona, 'yan bola jari da ke neman abinci a wurin suka fi kowa shaƙa.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Doka mai lamba 120-99 ta hana zubar da shara a titi, ta yanke tarar peso 500 zuwa 1,000 ko ɗaurin kwana 2 zuwa 10. An ƙara da doka mai lamba 225-20 a 2020. Wa aka taɓa kamawa a layinku?

Jama'a, ku ma da naku. Mun san a unguwannin Gualey da La Ciénaga akwai lungunan da mota ba ta shiga, kuma wanda shara ta yi kwanaki a ƙofarsa dole ya nemi inda zai kai ta. Wannan uzuri ne. Amma mai jefo gora ta tagar mota mai sanyi a kan babban titi fa, wane uzuri gare shi?

Saboda haka muna ba hukumomi kwana 21 daga ranar da takardar nan ta isa hannunsu. A fitar da jadawalin zuwan mota unguwa-unguwa, a manna shi a shagunan layi, kuma a cika shi. Inda mota ba ta shiga a samar da amalanke da wurin tarawa. A ba kowane ma'aikaci safar hannu, takalmin ruwa da takunkumi kafin a sake tura shi rami. A fara cin tara, a faro daga manyan shaguna da gidajen abinci.

In wa'adin ya cika ba a motsa ba, za mu janye mutanenmu daga yashe kwatoci. Bayan mako guda kuma motocin shara su tsaya cak, in ban da na asibitoci. Ba za mu sake aiko wata takarda ba.